Da wane ma'auni 'yan kallo ke yanke wa mutanen cikin fim hukunci?

Ɗalibar Sadarwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan kundina na digiri na biyu. So nake in auna yadda masu kallon fina-finan Hausa masu dogon zango ke yanke hukunci kan halin mutanen cikin labari: wa suke gani na kirki, wa suke gani mugu, kuma me ya sa. Ba 'yan wasan nake nufi ba, mutanen da suke fitowa a matsayinsu nake nufi.

Takardar tambayoyin da na samu a rubuce-rubucen masana an gina ta ne kan ra'ayin Jonathan Haidt da abokan aikinsa. Su a ganinsu hukuncin ɗabi'a yana tsaye ne kan ginshiƙai biyar: tausayi da gudun cutarwa, adalci, riƙon amanar naka, girmama na gaba, sai tsarki. Daga baya masu binciken sadarwa a Amurka, irin su Allison Eden da Matthew Grizzard, suka juya tambayoyin. Maimakon a tambayi mutum game da kansa, sai a tambaye shi game da wanda ya gani a fim: ya cutar da wani? Ya yi ha'inci? Ya juya wa mutanensa baya? Mai amsa ya zaɓa tsakanin "sam ban yarda ba" har zuwa "na yarda ƙwarai".

To in fassara ta haka in raba, ko akwai abin da zai kuɓuce mini?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin malamai su iso bari in faɗa miki nawa na mai kallo. Idan kika kawo mini takarda kika ce ɓarawo mutumin kirki ne, wallahi a'a zan ce miki. Amma ki zo falona da daddare ki gani. Yaron da aka nuna mana ya saci kuɗin maigidansa saboda uwarsa na kwance a asibiti, har addu'a nake masa kada 'yan sanda su kama shi. Wanne daga cikin biyun nan za ki rubuta a matsayin ra'ayina? Ni dai duka nawa ne.

Malamin Jami'a:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda masana suka shafe shekaru suna kai-kawo.

Tun a shekarun 1970 Dolf Zillmann da Joanne Cantor suka fara bayanin cewa daɗin kallo ya dogara ne da yadda muka ɗauki mutanen labari. Wanda muke so, muna jin daɗi in ya yi nasara. Wanda muka tsana, muna jin daɗi in ya kwashi kashinsa a hannu. Zillmann ya ƙara da cewa son da ƙin daga hukuncin ɗabi'a suke fitowa, wato mai kallo yana sa ido kan kowane aiki, yana aunawa, sannan ya yanke wa zai so. A 2004 Arthur Raney ya ce sau da yawa abin a juye yake. Da zarar an nuna mana wanda labarin ya ginu a kansa mun riga mun ɗauke shi namu, sai mu koma neman masa uzuri don kada kallon ya lalace mana. Nan ya jawo aikin Albert Bandura, wanda ya lissafa hanyoyi takwas da mutum ke kwance wa kansa ɗaurin lamiri. Daga ciki akwai cewa manufar mai kyau ce, da kwatanta laifin da wanda ya fi shi muni, da ɗora alhakin kan wanda ya ba da umarni, da cewa wanda aka cuta shi ya ja wa kansa.

Saboda haka ɗiyata, in kin tambayi mutum bayan ya gama kallon kashi talatin ko jarumin adali ne, amsar da zai ba ki ta cakuɗe da son da yake masa. Dole ki raba tambayoyi uku a takardarki: aikin da ya yi daidai ne? Shi kansa mutumin kirki ne? Kana son ya yi nasara? Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan ita ce abin da ya fi cancanta ki rubuta kundi a kai.

Marubucin Fim:
Dakta, abin da kuka sa wa suna mu da hannu muke yinsa kullum. In ina son 'yan kallo su yafe wa yaro sata, ba zan fara da satar ba. Zan fara da uwar a gadon asibiti, in nuna maigidan yana wulaƙanta shi a gaban mutane, sai a fitowa ta biyar ya buɗe durowa. In kuma so nake a tsane shi, satar ce za ta zo farko, uwar sai can gaba ko ma a ba da labarinta da baki kawai. Aiki ɗaya ne, jerin ne ya bambanta. Ga kuma kiɗan da ake sawa a ƙarƙashi, ga sutura. Kafin bos ya buɗe baki an riga an gane shi daga hularsa da yadda kyamara ta ɗauko shi.

Malamin Jami'a:
Haka ne. Grizzard da abokansa ma sun gwada wannan, sun nuna cewa daga siffa kaɗai mutane kan fara ware gwarzo da mugu tun ba su ga aikin kowa ba.

Malamin Islamiyya:
Ina biye da ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Idan an gama wannan awo aka ce mafi yawan 'yan kallo sun ga satar yaron ba laifi ba ce, sai me? Gobe wani ya ɗauki takardar ya ce ai jama'a sun yarda. Halal da haram ba a ƙidayar kawuna ake gane su ba.

Ɗalibar Sadarwa:
Allah ya gafarta Malam, ba fatawa zan fitar ba. Abin da ke cikin zukatan 'yan kallo nake son sani, ko daidai ne ko kuskure. Mai wa'azi ma ai zai amfana in ya san a wace gaɓa ce mutane ke fara yi wa ɓarna uzuri.

Malamin Islamiyya:
To in haka ne na fahimta, Allah ya yi miki albarka. Sai ki rubuta wannan ƙarara a farkon kundin don kada a juya miki magana.

Kuma bari in ƙarfafa abin da Dakta ya faɗa ta wata fuskar. Duk wanda ya zauna a gaban malami ya san hukunce-hukunce biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haram. Waɗannan a kan aiki suke hawa, ba a kan mutum ba. Shi mutum ana duba niyyarsa, da larurar da yake ciki, da ko ya tuba. Wanda za ki tambaya ya tashi da wannan rarrabewar tun yana ƙarami. Idan tambayarki ta haɗa aiki da mai aiki a jimla ɗaya, za ki sa shi cikin ruɗu, kuma mai tsoron Allah zai zaɓi amsar da ta fi tsanani don kada ya zama ya halatta haram da bakinsa. Ke kuma ki tafi da cewa ya tsani jarumin, alhali ba haka ba ne.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni tambayata ga 'yar uwa ita ce, ina kunya a cikin ginshiƙan nan biyar? A gidanmu in ana kallo, abin da ke fara tayar da tsofaffi ba kisa ba ne. Yarinya ce ta tsaya tana mayar wa surukarta magana ido cikin ido, ko ɗa ya kira sunan mahaifinsa gatsau. Daga nan an gama da su, ko da su aka zalunta a labarin. Sai kuma haƙuri. Matar da aka cuta ta yi shiru ita ce tauraruwa, wadda ta rama kuwa ana ganin ta zubar da ladanta. Ban ga inda takardar Amurka za ta kama wannan ba.

Malamin Jami'a:
Za a iya cewa girmama na gaba ya ɗauki wani ɓangare, tsarki ya ɗauki wani, amma haƙuri kam ba shi da gurbi a can. Ɗiyata, ki nemi laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana aka buga a 1974, kan siffar mutumin kirki a wurin Bahaushe. Halaye goma ya tattaro: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Tsohon aiki ne kuma ba ma'auni ba ne, amma ki jera shi kusa da na Haidt ki ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Karamci ma kaɗai abin dubawa ne. Attajirin fim in marowaci ne, da wuya 'yan kallonmu su kira shi na kirki ko da bai taɓa cutar kowa ba.

Ɗalibar Sadarwa:
Na gode ƙwarai Dakta. Ke nan in ɗauki biyar ɗin can in ƙara da goman nan?

Mai Ƙididdiga:
A'a ƙanwata, nan ne zan shigo. Ba a haɗa ma'auni da tsince-tsince. In kika jera tambaya sittin, mai amsa zai gaji tun a rabi ya koma cewa "na yarda" a kan komai don ki tafi.

Ki fara da baki, ba da takarda ba. Ki zauna da ƙananan rukunoni, mata daban, maza daban, matasa daban, a kalli guntun fim tare, ki ce su ba ki labarin abin da ya faru. Kada ki ambaci ɗabi'a ko kaɗan. Kalmomin da suka fito da kansu su za ki tattara: makira, azzalumi, butulu, mara mutunci, ɗan halak, mai zuciyar imani. Tamar Liebes da Elihu Katz kusan haka suka yi a Isra'ila a shekarun 1980. Sun haɗa rukunonin Larabawa, da Yahudawa 'yan asalin Maroko, da waɗanda suka taso daga Rasha, da mazauna ƙauyukan haɗin gwiwa, kowa ya kalli wasan talabijin ɗaya na Amurka. Da aka ce su sake ba da labarin, kowane rukuni ya fito da abin da ya dame shi daban.

Daga waɗannan kalmomin za ki rubuta tambayoyi, ki gwada su a kan mutane masu ɗan yawa, sannan a yi lissafin da ke nuna waɗanne tambayoyi ne amsoshinsu ke tafiya tare. Wataƙila ki tarar kunya da ladabi abu guda ne a wurin masu amsa. Wataƙila haƙuri ya tsaya shi kaɗai. Lissafin ne zai faɗa, ba ni ba, ba Kirk-Greene ba.

Kuma kada ki ji tsoron taɓa takardar Haidt, masu ita ma sun taɓa ta. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu suka yi fitaccen ƙorafin nan cewa yawancin binciken halayyar ɗan Adam a kan mutanen ƙasashen Yamma masu ilimin boko da wadata aka yi shi, galibi ma ɗaliban jami'a. Mohammad Atari ya gwada ginshiƙan a Iran ya tarar akwai wani abu mai kama da kishin iyali da kare mutuncinsu da takardar ba ta kamo ba. A 2023 shi da su Haidt suka fitar da sabuwar takarda, inda suka raba adalci gida biyu: a ba kowa daidai wa daida, da kuma a ba kowa gwargwadon aikinsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Wannan rabon na ƙarshe duk matar da ta zauna da kishiya ta san shi. Amma ni abin da nake so 'yata ta auna mini daban ne, kuma ya daɗe yana ci mini rai. Me ya sa namiji a fim zai yi shaye-shaye, ya bi matan banza, ya saki matarsa ba laifin tsaye ba na zaune, sai a kashi na ƙarshe ya sa farar jallabiya ya yi kuka a gaban mahaifinsa, kowa ya ce Allah sarki? Mace kuwa ƙarya ɗaya za ta yi, har fim ya ƙare sunanta makira. Kuma mu mata mu muka fi tsananta mata. Ki duba sharhin da ake yi a ƙarƙashin fina-finan a YouTube ki ga irin zagin.

Matashin Fagge:
Hajiya da girmanki, amma ba haka kawai ba ne. Marubuta ne ke ba matan makirci mai yawa, zuwa wurin boka, zuba magani a abinci. Dole a fi tsanarsu. Ba son kai ne na 'yan kallo ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, wanda ya kashe aure ya watsa 'ya'ya a titi da wadda ta je wurin boka, wa ya fi ɓarna a fim ɗin? Ka ga ka riga ka yanke.

Matashin Fagge:
Zuwa wurin boka fa shirka ne Hajiya.

Malamin Jami'a:
Ku tsaya, wannan gardamar ana iya raba ta da gwaji. A rubuta gajeren labari guda, a yi shi kala biyu. A ɗaya mai laifin namiji ne, a ɗayan mace, sauran komai iri ɗaya har kalma. A raba wa mutane ta hanyar ƙuri'a, kowa ya ji kala ɗaya tak, bai san da ɗayan ba. In hukuncin ya bambanta, to jinsin ne ya jawo, tunda babu wani abin da aka canza.

Kuma abin ba namu kaɗai ba ne. A 2013 wata 'yar wasan Amurka ta yi rubutu a jaridar New York Times kan ƙiyayyar da 'yan kallo suka ɗora wa matar da take fitowa a matsayinta. Mijin a labarin yana haɗa miyagun ƙwayoyi yana kashe mutane, amma ita da ke ƙoƙarin taka masa birki ita wasu suka tsana, har tsanar ta tsallako kan 'yar wasan kanta.

Malamin Islamiyya:
Gwajin ya yi, amma da sharaɗi. A zaɓi laifin da hukuncinsa ɗaya ne a kan namiji da mace: ƙarya, sata, cin amana, zina, kazafi. Akwai abubuwan da shari'a ta bambanta haƙƙoƙin miji da na mata a cikinsu. In aka sa irin waɗannan, mai amsa zai bambanta ne saboda abin da ya karanta, a zo a ce son zuciya ne. Amma in a kan zina ko ƙarya aka ga ana sassauta wa namiji, to wannan al'ada ce ba addini ba, kuma ni zan fi kowa son a fito da shi fili a faɗa a kan mumbari.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da nake son ji ke nan.

Marubucin Fim:
Ƙarin gargaɗi ɗaya ƙanwata. In za ki yi gwajin Dakta kada ki yi amfani da fuskar da aka sani. 'Yan kallonmu ba sa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Akwai waɗanda suka saba fitowa a mugaye, a kasuwa ma harararsu ake yi. Akwai kuma wanda ko me ya aikata a fim masoyansa sun yafe tun kafin ya yi. Ki sa a karanta labarin a murya kamar wasan rediyo, ko ki nemi 'yan wasan da ba a sani ba.

Game da tuban kashi na ƙarshe da Hajiya ta ambata, gaskiya ce muna yi. Wani lokaci labarin ne ya kai can, wani lokaci kuma don a nuna fim ɗin yana da darasi, tunda a Kano tun 2001 akwai Hukumar Tace Fina-finai kuma kowa na son aikinsa ya wuce lafiya. Abin da ban taɓa samun amsarsa ba shi ne ko tuban minti biyar yana goge burgewar da ɗan daba ya yi wa yara tsawon wata shida.

Malamin Jami'a:
Tambayar nan taka ita ce ta fi nauyi a duk zaren. A 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach suka binciki masu kallon wani wasan barkwanci na Amurka da aka shirya don a yi wa mai wariyar launin fata dariya. Suka tambayi matasa a Amurka da manya a Kanada. Masu ƙarancin wariya sun gane ba'a ake yi masa. Masu yawan wariya kuwa da dama sun ɗauke shi mai faɗin gaskiya, suna sha'awarsa. Niyyar marubuci daban, abin da ya isa zuciyar mai kallo daban. Shi ya sa masu shirya wasannin wayar da kai da ke bin tsarin Miguel Sabido na Meziko, mai mutumin kirki da mugu da na tsakiya wanda ke canzawa a hankali, suke bin 'yan kallo da tambaya tun wasan na gudana.

Hanyar amsa maka ita ce a auna sau da yawa, ba sau ɗaya a ƙarshe ba. Tun a ƙarshen shekarun 1930 Paul Lazarsfeld da Frank Stanton suka ƙera na'ura mai maɓalli biyu, kore da ja, mai sauraron rediyo na dannawa lokacin da abu ya yi masa daɗi ko ya ɓata masa. Yau da waya za a yi wannan. Ko kuma a bi mutane ɗaya a tambaye su a farkon zango, a tsakiya, da bayan tuban, sannan a koma bayan wata guda a ji me ya rage musu a rai game da ɗan daban.

Ɗalibar Sadarwa:
Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfin lokacin da aka ba ni Dakta, amma awo uku cikin zango ɗaya zan iya. Yaya Mai Ƙididdiga, sharhin YouTube da Hajiya ta ambata fa? Dubbai ne, kuma ba wanda ya san ana duba shi balle ya yi fuska biyu.

Mai Ƙididdiga:
Ki yi amfani da su wajen tattara kalmomi, amma kada ki ce su ne ra'ayin 'yan kallo. Wanda ransa ya ɓaci shi ke rubutu, wanda bai damu ba ya wuce. Ba ki san shekarun mai rubutun ba, ba ki san ko mace ce ko namiji ba. Ga kuma ɗimbin masu kallo da ba sa rubutun boko, a tura musu fim a waya su kalla su ajiye. Su sai an je an karanta musu tambayoyin, kuma wanda ya karanta yana da tasiri. Budurwa ba za ta faɗa wa dattijo mai gemu cewa ɗan daban ya burge ta ba. Mata su tambayi mata, sa'o'i su tambayi sa'o'insu, kuma ba a gaban miji ko uwa ba. Matakan amsa ma ki rage su. Bakwai sun yi yawa a kunne. Ki fara da eh ko a'a, sannan ki bi da kaɗan ko sosai.

Ɗan Damagaram:
In an gama, za a iya kawo takardar nan wajenmu? Fina-finan Kano muke kallo a Damagaram da Maraɗi, zan so a ga ko hukuncinmu ɗaya.

Mai Ƙididdiga:
Za a iya, amma kafin a kwatanta sai an tabbatar mudun ɗaya ne a kasuwannin biyu. Akwai gwajin da ke nuna ko tambayoyin na haɗuwa iri ɗaya a wurin mutanen nan da na can. In bai wuce ba, bambancin da za a gani na iya zama na fahimtar tambaya kawai. Ka samo mana mutum biyu ko uku a can da za su saurari tambayoyin su faɗi da bakinsu abin da suka gane, tun kafin a buga.

Ɗan Damagaram:
Wannan mai sauƙi ne. Akwai ƙanwar mahaifiyata da ba ta barin kashi ɗaya ya wuce ta, da abokan aikina. 'Yar uwa ki turo idan sun kammala.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ma rukunin mata na farko ki bar mini. Muna taron adashi ranar Alhamis bayan la'asar, akwai tsofaffi akwai amare. Sai dai ki raba su zama biyu, don amaren ba za su yi magana a gaban iyayen mazajensu ba.